Hanyar Liwa: Abin da Nake Rubutawa Bayan Kowace Fita

Asabar, 14 ga Satumba, 2024

Yau na ɗauko motar daga kasuwar motoci ta Sharja. Pajero ce ƙirar 2014, fara, mai silinda shida. Ta sha tafiya, amma injinta ba ya tari. Uwargida ta zagaya ta sau ɗaya, ta leƙa ƙarƙashinta kamar mai neman kazar da ta ɓata, ta ce, "Maigida, wannan ta kai yara makaranta ce ko ta kai ka daji?" Na ce duka biyun. Ta ce Allah ya sa alheri, da irin muryar nan da na sani.

Shekarata shida a Dubai ina aikin jigilar kaya a Deira, hamada kuwa sai dai in hango ta daga kan kwalta. A watan jiya wani abokin aikina ya shigar da ni wata ƙungiya ta masu kutsa yashi da motoci a ƙarshen mako. Ba a biyan ko kwabo, amma suna da matakai, kuma ba mai tsallake ɗaya. Abin da na sa a gaba shi ne kafin azumi, wanda ake sa rai farkon Maris, in samu shiga ayarin da suke kaiwa Liwa, can kudancin masarautar Abu Dabi, kwana biyu a cikin manyan tuddan hamadar Rub'ul Khali. Ba sa ɗaukar sabon shiga, sai wanda ya kai mataki na uku.

Ni ɗan Gashuwa ne. Ina yaro na hau tsofaffin Land Rover ɗin nan na hanyar Yusufari, na ga direbobi suna sace iskar taya da tsinke, na tura mota a rairayi har tafin ƙafata ya toye. Don haka a lissafina wata uku ya ishe ni. Na rubuta shi a nan don in dawo in duba.

Asabar, 28 ga Satumba

Sun turo jerin kayan da ba a barin mota ta shiga ayari sai da su. Tuta a kan doguwar sanda, wajen mita 3, don wanda ke tahowa ta bayan tudu ya ga alamarka kafin ya ga bambarka. Oba-oba. Shebur mai doguwar ƙota. Gejin iska, da famfon da ake maƙalawa a batir. Katako mai faɗi da kauri na ɗora jak, don jak a kan yashi nutsewa yake. Abin kashe gobara. Ruwan sha fiye da yadda kake zato.

Igiya ce ta fi ba ni mamaki. Irin wadda muka sani mai ƙugiyar ƙarfe a baki biyu, sun ce ko a but kada su gan ta. Tasu ta nailan ce, mai kauri kamar damtsen yaro, tana miƙewa har kusan kashi 30 cikin 100 na tsawonta sannan ta tsuke, kuma wannan tsukewar ce ke fizgo motar da ta kafe. Sun kuma ja kunne da babbar murya a kan ƙwallon ƙarfen nan na jan tirela: ba a ɗaura masa igiya. In ya karye, tashi yake kamar harsashi ya nufi gilashin ɗaya motar, kuma ya kashe mutane a wurare da dama.

Na kai ta wurin wani dattijon bakanike ɗan Pakistan a unguwar masana'antu ta Sharja. Ya ce a yashi giyabos ne ke fara ɗaukar zafi kafin inji. Ya canza ruwansa, ya wanke lagireto, ya ɗaura farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji. Na tambaye shi manyan tayoyi da ɗaga mota. Ya goge hannu ya ce, "Je ka ka kafe sau goma tukuna, sannan ka dawo mu yi magana."

Asabar, 12 ga Oktoba, Al Kudra

Fitar farko. Na yi sallar asuba a masallacin gidan mai, ƙarfe shida saura muna bakin yashi, mota goma sha ɗaya. Indiyawa, Larabawa, 'yan Filifin, Bature ɗaya, da ni.

Tsarin nasu bai zo mini baƙo ba, ayari ne irin wanda kakanninmu suka sani. Akwai madugu a gaba, dattijo ne ɗan Kerala mai furfura, shi ke zaɓen hanya. Na biyu da shi gogagge ne, in madugu ya faɗa wuri mara kyau shi ke karkatar da sauran. Mu sababbi an jera mu kusa da gaba, saboda motocin baya yashin da aka riga aka dagula suke takawa. A tsakiya akwai mai igiya. Can ƙarshe akwai mai rufe baya, wata mata 'yar Jodan da tsohuwar Patrol, wadda ba ta wuce kowa kuma ba a barin kowa a bayanta. Ba a wuce juna. Ba a barin sawun madugu. In ka tsaya, ka faɗa a oba-oba nan take, tun kafin na bayanka ya hau tudu ya sauko a kanka.

Muka tsugunna muna sace iska, daga 35 zuwa 15 a ma'aunin psi. Na ɗauka faɗi taya ke ƙarawa. Madugu ya zana mini a ƙasa da yatsa, ashe tsawon inda take taka ƙasa ne ya fi ƙaruwa, sai nauyin mota ya bazu, kamar yadda tafin raƙumi ke buɗewa in ya taka. Ya sa muka kashe na'urar nan mai hana taya sulɓi, don ita da ta ji taya na juyawa a banza sai ta yanke wa inji ƙarfi, a yashi kuwa taya kullum cikin ɗan sulɓi take.

Awa ɗaya na yi lafiya lau, har na fara fito. Sai na gabana ya rage gudu, ni kuma na danna birki irin na danjar Deira. Tayoyin gaba suka tara yashi a gabansu. Da na zo tashi ta ƙi. Na ba ta wuta. Ta ƙi. Na ƙara. Yashi na tashi sama ta gefe huɗu kamar ana shiƙa, motar tana zama a hankali har na ji cikinta ya taɓa ƙasa.

"Mota ta uku, ɗauke ƙafarka." Muryar mai rufe baya ce, ba faɗa, ba gaggawa.

Ta iso da ƙafa da geji a hannu. Tayoyina sun koma 19, don iska in ta yi zafi kumbura take, ni kuwa tun safe ban sake dubawa ba. Ta ce in mai da su 12. Mutum huɗu muka yi ta shebur. Sannan ta tsaya a bakin taga: giyar 4L (giyar ƙarfi mai jan tayoyi huɗu a hankali), murɗa sitiyari ƙarshen hagu, ƙarshen dama, ɗan taɓa totur ka saki, ɗan taɓa ka saki. Motar ta riƙa girgiza tana tasowa kaɗan-kaɗan, yashi na zuba ƙarƙashin tayoyin, har ta fito. Ba a ko ɗauko igiya ba.

Abin da aka ce in riƙe: a yashi ba a tsayawa da birki, ɗauke ƙafa ake yi mota ta tsaya da kanta, kuma a tsaya hanci na kallon gangara.

Asabar, 26 ga Oktoba

Al Kudra kuma. Na kafe sau biyu, na fita da kaina sau ɗaya. Iska 13, na duba sau uku. Da rana ta take, inuwa ta ɓace, yashin duk ya zama fari ɗaya, ba ka bambance rami da tudu. Yanzu na gane abin da ya sa suke fita da duku-duku ko da la'asar. Gida kuwa har cikin kunnena yashi.

Asabar, 9 ga Nuwamba, Al Faya

Nan yashin ja ne, tsatsar ƙarfe ce a jikin ƙwayoyinsa ta rina shi. Daga nesa ana hango dutsen Maliha, wanda in ka hau za ka ga ɓawon halittun teku a manne cikin dutse, shaidar cewa wurin nan ƙarƙashin ruwa yake a da.

Yau aka koya mana tsallake kaifin tudu. Kowane tudu fuska biyu gare shi. Iskar da suke kira shamal daga arewa maso yamma take busowa, tana tura yashi sama ta gefe ɗaya, wannan gefen sai ya zama mai sauƙin hawa, a daddale. Yashin da ya kai ƙoli sai ya zube ta ɗaya gefen, shi kuma a tsaye yake, wajen digiri 33, ga laushi kamar gari. Tsakaninsu akwai kaifi kamar bakin wuƙa. Kana hawa ba abin da kake gani a gilashi sai sama. Ba ka san me ke bayan ba. Dole ka zo da ƙarfin da zai kai ka, ka kuma ɗauke ƙafa daidai lokacin da tayoyin gaba suka haye, don motar ta sunkuya da nauyinta.

Karon farko tsoro ya sa na ɗauke ƙafa da wuri. Motar ta zauna da cikinta a kan kaifin, tayoyi huɗu suna lilo a iska, ni ina ciki kamar kunkurun da aka ɗora a kan turmi. Aka ja ni baya da igiya. Karo na biyu kunya ta sa na ƙi ɗauke ƙafar. Na ji gaban motar ya bar ƙasa, na ga sama, na ga ƙasa, sai gam! Hanci ya caki gindin gangarar. Haƙorana suka haɗu, akwatin kayan aiki ya taso daga baya ya daki kujera. Bambar gaba ta tsage ta gefen dama, na ɗaure ta da waya muka ci gaba.

Madugu bai ce komai a oba-oba ba. Sai da muka tsaya shan shayi ya zo ya duba bambar, ya duba akwatin da ban ɗaure ba, ya ce, "Ɗan'uwa, wannan akwatin da kanka ya samu fa?"

Lahadi, 10 ga Nuwamba

An fitar da sunayen waɗanda aka ɗaga zuwa mataki na biyu. Mutum uku da muka fara tare suna ciki, ba ni. Ɗaya daga cikinsu ma bai taɓa ganin yashi ba sai bana.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na zauna na yi nazari na yanke cewa motar ce ta yi ƙasa da yawa. Ban koma wurin dattijon bakanike ba, don na san abin da zai ce. Na je wani gareji dabam na sa a ɗaga ta inci 2, na kuma sa a ɗora mata shimfiɗar ƙarfe a rufi ta ɗaukar jarkoki da taya ta biyu. Kuɗin da na kashe ban faɗa wa uwargida adadinsa ba, ita ma ba ta tambaya ba, wanda ya fi tambayar ciwo.

Asabar, 23 ga Nuwamba, Badayar

Madugu ya ga motar ta yi tsawo, ya zagaya ta, ya ce, "Madalla. Yanzu za ka riƙa kafewa inci biyu sama da da." Kowa ya yi dariya, har da ni, amma tawa ta yaƙe ce.

Wurin nan kusa yake da babban jan tudun da ke kan hanyar Hatta, kuma cike yake da 'yan yawon buɗe ido a kan babura masu taya huɗu, suna ɓullowa ta inda ba ka zata ba, ba tuta ba komai. Mun gudu daga gare su muka nausa ciki.

Wajen ƙarfe tara, a gindin wani kwari, na murɗa sitiyari da ƙarfi ina cikin gudu. Na ji fuss, sitiyari ya yi nauyi, motar ta karkata dama. Tayar gaba ta zame daga rim. Da iska 12 abin da ke riƙe bakin taya a jikin rim ba shi da yawa, in ka jefa mata nauyin mota ta gefe sai ta saki.

Na ɗauka canza taya za a yi. Ashe a'a. Aka fara haƙa ƙarƙashin tayoyin hagu har motar ta daidaita. Aka share wuri aka kwantar da katako, aka ɗora jak, aka ɗaga. Mai rufe baya ta durƙusa ta zura hannu cikin tayar tana kwaso yashi da tafinta, sannan ta ce in kawo ruwa. Gora biyu muka zuba muna wanke bakin rim da bakin taya, don ƙwayar yashi kaɗan in ta saura iska za ta riƙa zurarewa. Ta cire ƙwayar bawul don iska ta shiga da yawa, aka haɗa famfo, mu biyu muka rungumi tayar muna jawo ta waje ta manne da rim. Ta ce kowa ya janye yatsunsa daga bakin. Famfo na ta gurnani, ba abin da ya faru, ba abin da ya faru, sai tas! kamar an fasa kwalba. Ta zauna. Minti ashirin da biyar duka-duka.

Na ce mata na gode, na ɓata wa mutane lokaci. Ta ce ita tata ta farko sau biyu ta fita a rana ɗaya, in wanke hannuna in shiga mota.

Litinin, 2 ga Disamba

Hutun ranar ƙasa. An yi fita mai sauƙi ta iyali, na ɗauki uwargida da yara. Ƙaramar ta yi amai tun a tudu na huɗu, babban kuwa ya ƙwace oba-oba yana sauraro kamar soja. Muka yi zango kusa da wasu itatuwan gaf, wanda shi ne itacen ƙasar nan, doka ta hana sare shi. Madugu ya hana a kai mota gindinsu, ya ce a bar saiwoyin su huta. Kafin mu tashi aka raba buhuna kowa ya tsinci leda da gwangwani, namu da na waɗanda suka riga mu. Raƙuma na cin ledar nan, ta dunƙule a cikinsu ta kashe su.

A hanyar dawowa uwargida ta ce, "Ashe matar nan ta baya ita ce mai aikin, ku sauran wasa kuke." Ban tanka ba.

Da dare saƙo ya shigo: an ɗaga ni zuwa mataki na biyu.

Lahadi, 22 ga Disamba, Liwa (ta kwalta)

Zuwa da kai ya fi saƙo. Ni da wani abokina Bakatsine muka tafi kallon bikin da ake yi kowace shekara a wani ƙaton tudun yashi da ake kira Tal Mur'ib. Daga Dubai wajen kilomita 350 ne: ka bi hanyar gaɓar teku ka wuce Abu Dabi, ka karya kudu a Tarif, ka ratsa Madinat Zayid, inda madubban tashar hasken rana ta Shams ke ƙyalli a gefen hanya, har ka isa Muzaira'a. Liwa kanta jerin ƙauyuka ne da gonakin dabino da suka lanƙwasa kamar jinjirin wata a bakin yashin, kuma nan ne tushen Bani Yas, ƙabilar da gidajen sarautar Abu Dabi da Dubai suka fito daga cikinta. Daga nan kudu sai Rub'ul Khali, kimanin murabba'in kilomita 650,000, ya ratsa Saudiyya da Oman da Yaman.

Tuddan da nake ta fama da su a Al Faya, a nan 'ya'ya ne. Waɗannan duwatsu ne na yashi, tudu a kan tudu, tsakaninsu filayen gishiri shimfiɗe da suke kira sabha. Filin sai ka ga kamar fako, ka ce a nan zan huta, alhali wani wurin ɓawo ne kawai a sama, ƙarƙashinsa taɓo mai gishiri da ke haɗiye mota har ƙofa. Mur'ib kansa masu talla na cewa ya kai mita 300. Da dare an haska shi da fitilu, motocin da aka yi wa inji na musamman suna hawansa a miƙe da ƙarar da ke shiga har ƙirji, yawancinsu su ƙare a rabi su dawo da baya.

Abokina ya daɗe yana kallo, ya juyo ya ce, "Mutumina, nan ne kake son shiga da motar makarantar yara?" Na ce ba wannan tudun ba, na bayansa. Ya ce ai na bayan ba fitila.

Wata ukun da na ɗebar wa kaina ya cika tun mako ɗaya da ya wuce.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025, Suwaihan

Har yanzu in na tuna sai cikina ya juya.

Suwaihan tana tsakanin Abu Dabi da Al Ain, zafinta ya kai digiri 51.8 a Yunin 2021, amma yau da safe sai da na sa rigar sanyi. Tuddanta dogaye ne masu manyan kwaruruka kamar ƙwarya, a nan ake koyon bin gefen tudu a karkace. Mota na tafiya a jikin gangara, gudu ne kaɗai ke riƙe ta a sama. Ƙa'idar da suka maimaita mana sau ba adadi ita ce, da ka ji gudu ya ragu, ka juya hanci ƙasa ka sauka. In ta ce ƙasa za ta, ka bi ta.

Na san ƙa'idar. Na iya faɗinta da ka. Amma da na shiga ƙwarya ta uku, na ji bayan motar ya fara zamewa ƙasa, hannuna da kansa ya murɗa sama, ƙafata ta danna. Tayoyin gefen ƙasa suka tona suka tara yashi, motar ta tsaya cak a karkace. Ni ina gefen sama, bel ne ke riƙe da ni. Ta tagar dama ba na ganin komai sai yashi. Na ji jarkokin da ke kan rufi suna kwankwatsa ruwa, na ji tayar baya ta hagu ta yi sauƙi. Ina ta innalillahi.

"Kada ka taɓa komai. Kada ka buɗe ƙofa. Ƙafarka a kan birki." Madugu ne. Ya kira motocin baya su tsaya inda suke. Na ga mutane suna gangarowa da shebur, biyu suka kama gefen sama suka rataya nauyinsu, sauran suka haƙa ƙarƙashin tayoyin sama har motar ta ɗan kwanta. Sannan ya ce in murɗa sitiyari ƙasa gaba ɗaya, 4L, in saki birki kaɗan-kaɗan. Hancin ya juyo a hankali, ta gangara ta tsaya a gindi.

Da na fito gwiwoyina ba su ɗauke ni ba, na zauna a ƙasa. Madugu ya miƙo mini shayi, ya ɗaga kai ya dubi rufin motar: jarka biyu na ruwa lita ashirin-ashirin, da taya, a kan motar da na riga na ɗaga. Bai ce uffan ba. Da na dawo gida ban ko ci abinci ba sai da na kwance shimfiɗar ƙarfen nan, tana jingine a bayan ɗakin ajiya, na sa ta a kasuwa.

Asabar, 25 ga Janairu

Fita biyu a jere ba kafewa. Na roƙi a mai da ni can baya, na takwas cikin goma, inda yashin ya dagule, don in koyi riƙe gudu ba tare da danna wuta ba. Akwai wahala, amma daga nan kana ganin kuskuren kowa kafin ka iso wurin.

Wajen ƙarfe goma na duba madubi ban ga tutar na tara ba. Na haye tudu ɗaya, na sake dubawa, babu. Oba-oba shiru. Na kira madugu na ce na tara ya ɓace mini, ayari ya tsaya. Ashe yaron ya zauna a kan kaifi, batirin oba-obarsa ya mutu, mai rufe baya kuma tana can tana fama da wani rami ba ta gan shi ba. Ni na fi kusa, aka ce in ja shi.

Wannan ne karona na farko a wancan bakin igiyar. Na ɗaura a ƙugiyar da ke jikin shasi, na kori masu kallo nesa, na bar igiyar ta ɗan kwanta a ƙasa, na ƙirga uku da hannu ta taga don ba ya ji na, na tafi a hankali. Na ji ta miƙe, ta miƙe, sai wani tattausan fizga, ya sauko. Ya fito yana ta ba da haƙuri. Na ce masa ya wanke hannu ya shiga mota, sai daga baya na tuna inda na ji maganar.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Ranar Asabar madugu ya sa ni na biyu a bayansa tun daga farko har ƙarshe, bai gaya mini dalili ba. Sau ɗaya tudu ya ƙi shi, ya ce in karkatar da ayari dama, na karkatar. Jiya da dare aka ɗaga ni zuwa mataki na uku.

Jerin Liwa ya fito yau. Tafiyar daga Juma'a 21 zuwa Lahadi 23 ga wata ce, mota takwas kacal, kuma an cike su da waɗanda suka daɗe a matakin. Sunana na cikin masu jiran gurbi, ni ne na biyu. Sai mutum biyu sun fasa. In ba su fasa ba, azumi zai shigo, bayansa zafi, ba a sake komawa Liwa sai wajen Nuwamba.

Duk da haka an ce masu jira su shirya kamar za su tafi. Na koma wurin dattijon bakanike, ya ga tsawon motar ya dube ni, ya tambaya sau nawa na kafe. Na ce na daina ƙirge a sha huɗu. Ya ce to yanzu ma yi magana. Ya gano shokozoba ta baya ɗaya tana yoyo, gobe za ta iso. Ana bukatar ƙarin mai lita 40, na auna bayan kujeru, jarka biyu za su shiga a ƙasa in na cire kujerun ƙarshe, saura in samo ɗamarar da za ta riƙe su. Batirin oba-oba na biyu na saya. Bambar gaba har yanzu da wayarta, ya ce in bar ta haka sai na dawo.